Mgidi Kubheka da Furen Bakin Marmaro

A watan Janairu na 1961 na fara sanin Mgidi Kubheka, ranar da motar madara ta sauke ni a mishan ɗin Ntabamvula da akwatin ƙarfe ɗaya da takardar shaidar koyarwa. Shekarata ashirin da uku. Na yanke ta bayan coci don in rage hanya zuwa gidan Fada Whitcombe, sai wata murya ta fito daga cikin ganye.

"Kai mai baƙin takalmi! A makarantar taku ba a koya muku duban ƙasa ba ne?"

Na sunkuya na duba. Ashe a tsakiyar fangalin furanni nake tsaye, har na karya kara uku. Dogayen ganye ne kamar takubba, sun kai mini ƙugu, furanninsu ja kamar garwashi suna lilo a kan siririn kara. Umlunge muke ce masa. A gefen rafi na saba ganinsa, ban taɓa ganin wanda ya shuka shi da gangan ba.

"Yi haƙuri, Baba. Na ɗauka ciyawa ce."

Ya fito yana kaɗe gwiwa, gajere kakkaura, kunnuwansa da manyan huji irin na mutanen da. Ya dube ni daga hula har takalmi.

"Kai ne sabon ticha? To, yaranmu sun shiga uku."

Mgidi ke nan. Shi ne mai lambun mishan, shi ne kuma mai haƙa kabari. Kabejin Fada da wake da dankali duk aikinsa ne, amma umlunge nasa ne na kansa. A gangaren marmaro ya shuka shi, inda ƙasa ke da danshi amma ruwa ba ya kwanciya. Ba ya yanke ganyen sai ya bushe don kansa, yana cewa ganyen ne ke ciyar da abin da ke ƙasa. Da hunturu yakan rufe fangalin da busasshiyar ciyawa saboda jaura, ya kewaye da ƙaya saboda beguwa. Duk bayan shekara uku, a watan Agusta, sai ya tone ya rarraba. Ya taɓa nuna mini saiwar: dunƙule ce kamar ƙaramar gwaza, kowace shekara sabuwa na hawa kan tsohuwa, har su jeru kamar duwatsun wuya a zare.

"Na saman nan shi ne yaro, na ƙasan kakansa ne," in ji shi. "In ka tuge ka bar ko ɗaya a ƙasa, baɗi sai ya fito ya gaishe ka."

Mgidi bai taɓa yin baftisma ba. Gidansa yana cikin ƙasar mishan, shi da matarsa da 'ya'ya huɗu, amma babu takarda ko ɗaya da ta ce ya zauna a wurin. Kalmar Fada ce kawai ke riƙe da shi. A wancan zamani kuwa, baƙin mutum da aka kora daga inda yake zaune ba shi da wani wurin da doka ta yarda ya shimfiɗa tabarma.

Na auri Beatrice MaZwane a ƙarshen shekarar, muka haifi Thulile. Tana da shekara ɗaya da rabi, a daminar 1964, atuni ya kama ta. A makon nan kogi ya cika ya tafi da gada, asibiti kuwa yana ƙetare. Fada ya buɗe akwatin maganinsa ya ba mu fararen ƙwayoyi, muka niƙa muka ba ta, ba su zauna a cikinta ba. Rana ta huɗu idanunta suka faɗa. MaZwane ta kama hannuna ta ce, "Baban Thulile, je wurin Kubheka."

Kowa ya san tsofaffi na dafa saiwar umlunge don atuni. Kowa kuma ya san dokar mishan: duk wanda ya ba da maganin gargajiya, ko ya karɓa, zai fuskanci dattawa. Da tsakar rana na tafi, amma ta cikin masara na bi don kada a gan ni.

"Kwana nawa?" ya tambaye ni.

"Huɗu."

"Tana shan nono?"

"Tun jiya ta daina."

Ya ajiye fartanya. "Ticha, wannan na babba ne da ciwo bai ci ƙarfinsa ba. Ba na son in ba ka."

Na durƙusa masa a cikin laka da wandon makaranta. Ya daɗe yana kallon dutsen uKhahlamba, sa'an nan ya tono dunƙule biyu, ya wanke a marmaro, ya gaya mini yawan ruwan da za a sa. Cokali biyu Thulile ta sha. Washegari da hantsi ta rasu.

Shi ya haƙa kabarin, a ƙarshen maƙabarta ta wajen marmaro. MaZwane ta kifa ɗan kofin tangaran na yarinyar, fari mai shuɗin baki, a gindin gicciyen katako. Matar da ta yi wa gawar wanka kuwa matar katikis Sithebe ce, kuma ta ga ɓawon saiwar a tukunyarmu.

Ranar Asabar Sithebe ya zo mini gaisuwa. Babban dattijon ikilisiya ne, kuma ya daɗe yana sha'awar filin Mgidi na gangaren marmaro don surukinsa. Ya sha shayi, ya karanta mana Zabura, da zai tafi ya ja ni bakin ƙofa.

"Ɗana, gobe bayan sujada za a zauna. Kai aka zalunta. Arnen nan ya shigo da ƙazantarsa, matarka tana cikin ruɗu ta karɓa. Haka aka yi, ko ba haka ba?"

Ya matso kusa da ni, ya rage murya.

"In kai ka je ka nema, ka san ba ka sake riƙe alli a nan. Ka yi tunanin MaZwane."

Na yi tunaninta. Na kuma yi wani tunanin da nake jin kunyarsa har yau: na so a sami wanda za a ɗora wa mutuwar nan, ba ni ba, ba kogi ba.

A ajina aka yi zaman, dattawa bakwai a kan bencin yara, gwiwoyinsu na taɓa haɓarsu, mutane sun cika tagogi. Fada Whitcombe ya shekara shida a cikinmu amma harshenmu bai zauna a bakinsa ba, don haka ni ne tafinta, kamar kullum. Aka tsayar da Mgidi gaban allo, hularsa a hannu. A kan teburina an ajiye tukunyarmu da wani kara na umlunge da furensa.

Sithebe ya fara. "Kubheka, ka san wannan?"

"Ni na shuka shi, yaya ba zan san shi ba? Kai ma ka san shi, Baba Sithebe. Shekaranjiya waccan da cikinka ya…"

Dariya ta ɓarke a taga. Sithebe ya buga sandarsa a ƙasa. Ban fassara wa Fada wannan ba, shi ma bai nema ba.

"Ka ba yarinyar nan ta sha?"

"Daga hannuna ya fito."

Na fassara. Fada ya cire tabarau ya murza idanu. Mutum ne mai tausayi, amma yana tsoron dattawansa. Ya ce in tambaya ko wani ne ya je ya roƙe shi, ko shi ya kai da kansa. Na juya na yi tambayar da bakina, muryata kamar ba tawa ba.

Mgidi bai dube ni ba. Allo ya duba, inda jadawalin bakwai ke rubuce tun ranar Juma'a.

"Ba wanda ya roƙe ni. Na ji yarinya ba lafiya, na kai. Ticha ba ya ma gida."

Sithebe ya jingina, ya ɗora hannu biyu a kan sanda. Fada yana jirana. Abin da ya rage kawai in mai da maganar nan cikin Turanci, jimla uku gajeru, kuma ba ni na yi ƙaryar ba. Ta taga ina hango matar Mgidi tsaye a rana da ƙaramin ɗansu a baya. Na san in na fassara za a kore su, na kuma san inda za su kwana: gefen titi, har 'yan sanda su zo.

"Elphas?" in ji Fada, yana kiran sunana. "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce shi ya kai, Fada. Ƙarya yake yi. Ni na je. Ya ƙi ba ni, ya ce lokaci ya wuce, na durƙusa masa. Thulile ta riga ta daina shan nono kafin in je."

Sa'an nan na maimaita da harshenmu, don kada wani ya ce bai ji ba.

"Wa ya sa ka?" Mgidi ya daka mini tsawa. "Wa ya tambaye ka, mai baƙin takalmi?"

Sithebe ya miƙe. Ya ce to, ticha ya yanke wa kansa hukunci, amma wannan bai wanke Kubheka ba. Wanda ya shuka kayan tsafi a bayan ɗakin Allah, yana ba shi ruwa yana kewaye shi da ƙaya, ba zai kwana a ƙasar mishan ba. Dattawa huɗu suka gyaɗa kai. Na ga Fada ya ɗauki alƙalami.

A kabad ɗin ajin akwai wani tsohon littafin masu sayar da iri na Ingila, wanda Fada ya ba ni in riƙa yanko wa yara hotuna. Na san shafin, don na daɗe ina mamakinsa. Na ɗauko na buɗe na ajiye kusa da tukunyar. Ga furen nan, ja, da ganyensa kamar takobi, da sunan da masana suka ba shi a ƙasa.

Fada ya dubi hoton, ya dubi karan da ke kan tebur. Ya ɗauka ya jujjuya.

"Krokosmiya," ya ce a hankali. "Akwai shi a bakin ƙofar mahaifiyata. Kullum tana faɗa da shi, ya cinye mata hanya." Ya ɗago kai. "Daga nan aka kai shi?"

Na ce ban sani ba, amma kakannin Mgidi ba su taɓa sayen iri daga Ingila ba.

Na fassara wa dattawa cewa mahaifiyar Fada ma tana shuka shi. Wani daga taga ya ce, "Ashe tsohuwar ma bokanya ce!" Wannan karon har cikin dattawa an yi dariya. Fada ya yanke: Mgidi zai zauna, furensa zai zauna, amma kada ya sake ba kowa saiwa. Ni kuwa an dakatar da ni daga koyarwa da cin jibin Ubangiji har shekara guda.

Shekarar nan a garin Estcourt na yi ta, ina ɗaukar buhuna a wani shagon hatsi, MaZwane tana wankau. Mgidi bai taɓa ce mini na gode ba. Da na dawo na tarar da shi a lambu, abin da ya ce kawai shi ne, "Kai wawa ne, Ticha. Ni fartanya ta san ni ko'ina. Kai wa ya san ka in ba allo ba?" Daga nan gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma a taƙaice.

A watan Yuli na 1969 hukuma ta ce Ntabamvula ƙasar Turawa ce. Manyan motoci suka zo da safe cikin jaura, don a ƙasarmu Yuli tsakiyar hunturu ne, aka ce kowa ya ɗauki abin da mota za ta ɗauka, ban da dabba. Aka zube mu a wani fako mai nisan mil sittin, tantuna a jere. Aka rushe coci da makaranta, aka mai da Fada ƙasarsu. Gida ɗaya ne bai hau mota ba. Baturen da aka ba ƙasar yana son wanda ya san marmaro da lambu, sai ya riƙe Mgidi da iyalinsa. Ranar tafiya, MaZwane tana durƙushe a kabarin Thulile ana yi mata ihu ta zo, na ga Mgidi ya wuce da buhu a kafaɗa, ko juyowa bai yi ba. A tantuna ana kiransa maci amana. Ban kira shi haka ba, amma ban kare shi ba.

Shekara ashirin da bakwai ba mu taka wurin ba. A 1996, zamani ya sake, MaZwane kuma ta fara ciwon zuciya. Muna da 'ya'ya biyar da jikoki, amma ba ta da magana sai ta Thulile da aka bari ita kaɗai. Na rubuta wa mai gonar, ɗan Baturen nan na farko, wasiƙa uku. Ya amsa ta ukun: mu zo ranar goma sha huɗu ga Fabrairu, daga sha biyu zuwa huɗu. Ya ƙara da cewa ba ya jin za mu sami komai, an daɗe da nome wurin, kuma watan gobe za a dasa itatuwan katako.

Direban tarakta aka haɗa mu da shi, wani magidanci wai shi Hlubi. Na tambaye shi Mgidi. Ya ce tsohon ya shekara biyu da rasuwa, 'ya'yansa sun watse Durban.

Ban gane komai ba. Babu coci, babu harsashi, babu itacen pic mai 'ya'ya da ke ƙofar gidanmu a da. Masara ce ko'ina, ta fi ni tsayi. MaZwane tana tafiya taku goma ta huta, jakarta a ƙirji. Na san abin da ke cikin jakar: reshen magaryar kura, wanda mutanenmu ke zuwa da shi su ɗauko ruhun mamaci su kai gida. Ga shi kuwa shekara talatin tana shugabar matan zumunta a coci. Na yi kamar ban gani ba.

Na dogara ga marmaro, don na san taku sittin da biyu ne daga wani dutse da ke bakinsa zuwa kabarin, in ka fuskanci tsagin dutsen uKhahlamba. Amma an danne marmaron da siminti an ja bututu, dutsen babu shi. Na auna daga nan, na auna daga can, kowane karo in ƙare a tsakiyar masara. Ƙarfe uku ta wuce. Hadari ya haɗo a kan dutse, baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ganye. MaZwane ta zauna a ƙasa, leɓunanta sun yi toka.

"Baba, mu koma," in ji Hlubi. "Tsawar wurin nan ba ta wasa. Mama ma ta gaji."

"Ba inda zan je," ta ce.

"To ku zo ku fake ta wajen furen tsoho, akwai 'yar rumfar bututu kusa."

Na ce, "Wane fure?"

"Na madam, na gidan sama. Wani ɗan wuri ne a tsakiyar gona, ya hana mu sakat. Shekara goma sha biyar ina kewaye shi da tarakta. Tsoho Kubheka ne ya gaya wa matar maigida na farko wai duk gonar nan nan ne kaɗai furen ke yin kyau, ita kuwa tana son shi a tebur, sai ta hana a taɓa. Ƙarya ce, Baba, abin nan ko a juji fitowa yake! Na taɓa gutsure gefe da garma, ya biyo ni da fartanya har shago."

Muka bi shi ta cikin kunya. Masara ta buɗe, sai ga shi: umlunge ja wur, ya kai ƙirji, iska na kwantar da shi yana tashi. Gefunan sun fara yaɗuwa, shekara biyu ba mai kula. Amma tsakiyar, inda ya fi duhu da kauri, a miƙe take kusurwa huɗu. Na auna da sandata. Tsawon ƙafa huɗu, faɗin biyu.

"Kowane Agusta sai ya zo da igiya ya daidaita shi," in ji Hlubi. "Muna ta yi masa tsiya, wai yana yi wa fure aski."

Na juya na nemi tsagin dutse. Yana daidai gabana. Duk da haka ban yarda ba, don na san yadda zuciya ke ganin abin da take so. Na ce Hlubi ya ɗan tona mini ta wajen kai. Ya sa shebur a hankali, ya ɗago wani curi na saiwa, dunƙule kan dunƙule. Na ƙirga goma sha ɗaya a zare ɗaya, na ƙasansu sun ruɓe sun zama ƙasa. A sara na uku shebur ya yi ƙara. Ya sa hannu ya zaro ɗan kofin tangaran, a kife, laka ta manne a gindinsa, shuɗin bakinsa na nan.

MaZwane ta rarrafa ta ciro reshen daga jaka, ta ɗora a kan ganyen, ta yi magana da 'yarta ƙasa-ƙasa. Ta gaya mata ko su waye mu, da inda za mu, da cewa akwai mota a hanya kada ta ji tsoro. Hlubi ya cire hula. Ɗigon farko ya sauka a kan kofin.

Wanda ya ɗauko mamaci ba ya magana da kowa sai ya isa gida, don haka ba ta ce mini uffan ba tsawon mil sittin. Reshen na kan cinyarta, saiwar na kan tawa, a naɗe cikin hankici. A motar ne na tuna buhun da na gani a kafaɗar Mgidi ranar da aka kwashe mu. Watan Yuli ne, bai kai lokacin tono ba. Ashe saiwar umlunge ya tone da wuri, kuma ta wajen maƙabarta ya nufa.